Littafin Laifuffukan Yaya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar da na tara dangi a tsakar gidanmu don in karanta musu laifuffukan yayana, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini tunani ina jin ita za ta rage. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a gona.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, Allah ya ji ƙansa. Ni ne ƙarami, shi ya sa har gemuna ya fara furfura ba a daina kirana Auta ba. Ya bar mana gida ɗaya a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da gona ɗaya a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, wadda ruwa ke shigarta ta baki guda. Ba mu raba komai ba. Yaya na noma gabas, ina noma yamma, injin ban-ruwa ɗaya, tsakar gida ɗaya, Inna mahaifiyarmu kuma ɗakinta na tsakiya, tana zaune a bakin ƙofa tana kallon jikoki suna shiga nan suna fita can. Mutanen gari har misali suke yi da mu. Ni kuwa a raina na daɗe da yanke hukunci cewa duk faɗin ƙasar Kano ba wanda ake zalunta kamar ni, kuma azzalumin nawa ba kowa ba ne illa Yaya.

Abin haushi shi ne Yaya ba shi da kamannin azzalumai ko kaɗan. Mutum ne mai sanyi, maganarsa ba ta da yawa, in kana yi masa faɗa sai ya zuba wa ƙasa ido yana sosa ƙeya. Wannan shirun nasa shi ya fi komai ƙona mini rai. Na fassara shi da raini, na fassara shi da girman kai, wata rana ma na fassara shi da makirci.

Wata shekara, bayan wata hayaniya da na yi ni kaɗai, shi yana sosa ƙeya, sai na ce tura ta kai bango. Na sa aka sauke mini bulo a ƙofar gida, na yi magana da magini, na sanar cewa za a raba gona kuma za a ja katanga a tsakar gida. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai kira ni ɗakinta, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Auta, in ka ja katangar nan, a wane ɓangaren za ka ajiye ni?" Na ce mata ai za a bar mata ƙofa. Daga ranar ta daina zama a bakin ɗaki, abincin da ake kai mata kuma yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Na gani, na kau da kai, don a lokacin ni jarumi ne mai ƙwatar 'yancinsa.

Sai dai raba gado ba ya yiwuwa sai da Baffa, ƙanin mahaifinmu. Baffa tsohon hedimasta ne. An daɗe da yi masa ritaya, amma ba a yi wa jan biron da ke aljihunsa ritaya ba. Ko katin ɗaurin aure aka kawo masa, sai ya gyara kurakuran da ke ciki kafin ya ce Allah ya sanya alheri. Na same shi a soro yana sauraron rediyo, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, raba mu za a yi. Na gaji da halin Yaya."

Ya rage muryar rediyon, ya ce, "Wane hali?"

Na buɗe baki na fara zuba. Na kamo zancen akuya, na sake shi na kamo na inji, na koma shekarar da aka yi ambaliya, na dawo kan wata gaisuwa. Baffa ya ɗaga hannu.

"Dakata, Auta. Ni ba na aiki da ƙorafin baka. Je ka rubuto mini."

Na yi murna, don a ganina abin da ke rubuce ya fi ciwo. Na cika takarda gaba da baya na kawo masa: Yaya ya raina ni, Yaya ba ya ganin girmana, Yaya mugu ne a ɓoye. Baffa ya sa tabarau, ya zaro jan biro, ya ja layi tun daga sama har ƙasa.

"Wannan ba labari ba ne, zagi ne. Ina gabatarwa? Ina gangar jiki? Duk ranar da ka ce ya yi maka laifi, daga asuba za ka faro. Ina ka je, wa ka gani, me aka ce maka, me ka ce, har ka iso kan laifin. Kada ka tsallake komai. In ka gama sai in tara mutane ka karanta da bakinka."

Har yau ban sani ba ko hikima ce ta sa Baffa ya kafa wannan sharaɗi, ko kuwa kewar duba insha'in 'yan firamare ce kawai ta motsa masa. Na taɓa tambayarsa, ya ce mini tambayar tawa ma ba ta da tsari.

Na sayo littafi mai kauri a Kura, na rubuta a bangonsa da manyan baƙaƙe: Laifuffukan Yaya. Kullum bayan la'asar sai in zauna a gindin mangwaron da ke bakin kanal in yi ta rubutu, masu wucewa a babur suna ɗaga mini hannu, ina amsawa da kai kawai irin na manyan malamai. Maiɗakina ta gaji da ganina da littafi a hammata, ta ce, "Malam, ko takarar kansila za ka fito ne ba mu sani ba?" Na ce mata tarihi nake rubutawa. Kuma wallahi daɗin rubutun nake ji. Abin da na lura da shi tun a lokacin shi ne, labarin safiya kullum ya fi na yamma tsawo, kuma a kowace safiya ina fitowa a matsayin mutum mai ladabi da haƙuri da kowa. Na yi farin ciki da haka matuƙa. Na ce ga hujja nan a fili: mutumin da ke zaune lafiya da duk duniya, in ya yi faɗa da mutum ɗaya, ai an san mai laifi. Wato na ga abin da idona, na karanta shi a juye.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da hantsi. Baffa na kan kujera da bironsa. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta zo daga Bunkure. Tsohuwa ce da ba ta iya riƙe magana a ciki ko dariya a baki. Inna ta fito ta raɓe a jikin bango, ta rame sosai. Yaya ya zauna a gefe, matanmu kuma suna bayan labule, wai ba sauraro suke ba. Ni kuwa na ci babbar riga, na miƙe tsaye, na gyara murya.

Na fara da shekarar da tumatir ya yi kwantai. Na karanta yadda na tashi da asuba, muka loda kwanduna, na kai su Kwanar Gafan, na tarar kasuwa ta yi ja wur, kowa da nasa. Na karanta yadda wani dillali ya sa ƙafa ya zunguri kwandona, ya ce wannan ai ruwa ne a cikin fata, ya yi mini tayin da ko kuɗin mota bai kai ba, sannan ya ce in ban so in mayar gida in yi wanka da shi. Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su. "Sai na ce masa, ba komai, ranka ya daɗe, Allah ya sa albarka." Na ɗaga kai don a shaida haƙurina, na ci gaba. Na dawo gida da yamma, na tarar da Yaya a soro, akuyarsa kuma ta sa baki a buhun dusata. Nan na bayyana, da kyakkyawar Hausa, yadda na gane da gangan ya sake ta, da yadda na wanke shi tas har maƙwabta suka leƙo.

Gwaggo ta ce, "To shi dillalin fa?"

Na ce, "Gwaggo, ba a kan dillali muke magana ba."

Baffa ya ce, "A bar shi ya ci gaba."

Na shiga na biyu, ranar ruwa. Duk wanda ya yi noman rani a wajenmu ya san ranar da ruwa ya zo layinku ba ranar wasa ba ce. In ta wuce ka, sai ka zuba ido albasarka na lanƙwasa kai har zagayowar wani layin. Ranar na je gona na tarar magudana a bushe. Na bi ta sama har na iso gonar wani Alhaji mai shinkafa, na ga an jera buhunan yashi an tare ruwan gaba ɗaya an karkata shi cikin fangalinsa. Alhajin na zaune a mota, ya sauke gilashi rabi. Na karanta yadda na tafi da niyyar in yi masa tatas, da yadda na iso na tuɓe takalmi, na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gajiya, har na yaba kyan shinkafarsa. Ya ce yaransa za su buɗe in sun gama. "Sai na ce masa, ba komai, ranka ya daɗe, ku gama a hankali." Da na dawo, sai na haɗu da Yaya a bakin gonarmu, ya ce mini ko mu jawo ruwa da inji daga babban kanal mu ceci albasar. Na karanta yadda na tambaye shi ko shi ne ya haife ni da zai riƙa tsara mini aiki, a gaban 'yan ƙwadago.

A nan na ji wani abu kamar tari daga bayan labule. Gwaggo kuwa ta sa bakin mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka baƙin cikin abin da aka yi mini ne ya kama ta, na ƙara ɗaga murya.

Na uku shi ne ranar da na kai shinkafata injin casa a Kura. Mai injin ya sa ta wani a gaban tawa alhali na riga zuwa, ya bar ni a rana har la'asar, da aka zo kaina kuma injin ya kakkarya ta, rabi ta koma tsaki. Ya dube ta ya ce ai laifin shanyata ne. Na karanta, "Sai na ce masa…"

Ban ƙarasa ba. Gwaggo da matan da ke bayan labule suka haɗa baki kamar 'yan makarantar allo: "Ba komai, ranka ya daɗe!"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Har Baffa sai da ya cire tabarau ya goge ido. Gwaggo tana haki ta ce, "Auta, kar ka wahalar da kanka, bari in ƙarasa maka. Ka dawo gida, ka tarar da yayanka a soro. Me ya yi wannan karon? Numfashi?"

Na duba littafin. Abin da na rubuta shi ne, ya ce mini sannu da zuwa da wata irin murya. Na ja layi biyu a ƙarƙashin "wata irin murya".

Na shiga buɗe shafuka ina dubawa ni kaɗai, ina neman guda ɗaya tak da zai fitar da ni kunya. Na ga ranar direban da ya yi mini alƙawari ya ɗauki kayan wani. Na ga ranar ma'aikacin da ya ce ba sunana a masu samun taki, bayan na wuni a layi. Na ga ranar da surukina ya yi mini gori a gaban mutane. Ko'ina da safe wani ya taka ni na ce ba komai, ko'ina da yamma Yaya ya zama azzalumi. Ban sami rana ɗaya ba da na tashi lafiya, na wuni lafiya, sannan Yaya ya yi mini laifi. Kuma ba wanda ya ƙaga mini, rubutuna ne, da hannuna, a gindin mangwaro, ina jin daɗi. Gumi ya jiƙa babbar rigar, na rasa inda zan sa fuskata. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa; na sha yi wa wasu wannan karin maganar a teburin mai shayi, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Baffa ya ce, "Ci gaba mana, Auta. Saura da yawa."

Na ce, "Baffa, duk ɗaya ne."

"Me ke ɗaya?"

"Labarin. Sunan mutumin safe ne kawai ke canjawa."

Baffa ya rufe bironsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba kafin ya ba da maki. Ya juya wurin Yaya ya ce, "Kai fa, an karanta ƙara a kanka. Kana da abin cewa?"

Yaya ne kaɗai bai yi dariya ba tun farko. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Baffa, akuyar nan gaskiya ɓarauniya ce, wannan kam ya yi gaskiya." Aka sake 'yar dariya. Sannan ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

"Ni tun daga nesa nake gane ranar. In na hango Auta yana tafe yana murmushi shi kaɗai, yana gaida kowa da ƙarfi, na san wani ya ci masa mutunci a waje. Sai in ce wa yara su shige wurin Inna, ni in fito soro in tsaya."

Gwaggo ta ce, "Ka tsaya ka yi me?"

"In karɓa, Gwaggo. In bai tarar da ni ba, ciki zai ƙarasa da shi. Matarsa ce a ciki, da yara ƙanana. Ni ko ya faɗa mini magana, in na kwana ta wuce." Ya ɗan ɗago ya dube ni. "Ni ba rabon gonar ke damuna ba, Auta, in kana so ka ɗauki ɓangaren bakin ruwa. Abin da nake tunani, in an ja katanga kowa da soronsa, wa zai tsaya maka?"

Ba wanda ya sake yin dariya. Na ji Inna tana jan hanci a jikin bango. Maiɗakina na bayan labule, kuma na san ta fi kowa gane abin da yake nufi. Shekara da shekaru ina cewa duk inda na juya sai in ga Yaya ya tare mini hanya, na rubuta hakan ma a littafin a matsayin laifi. Ashe gaskiya ne yana tare mini hanya, kuma ya san abin da yake tarewa.

Na tsinci kaina a durƙushe a gabansa da babbar riga da komai, ina so in ce ya yafe mini. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu, ban kuma ji kunyar matan ba. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Auta, tashi mana, yara na gani." Ko a nan ma yaran yake tunani. Gwaggo ta share hawayenta ta ce tunda an tara ta ba a raba komai ba, a ƙalla a raba mata tuwo. A ranar Inna ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Ban daina rubutu ba daga nan, kan magana kawai na canja. Na koma rubuta wunina daga asuba, kamar yadda Baffa ya koya mini, musamman ranar da na ji ƙirjina ya yi nauyi. Kuma kada in yi muku ƙarya, hali zanen dutse ne, bai goge a rana ɗaya ba. Akwai ranar da wani mai shagon iri ya sayar mini da irin albasa da ya ƙi tsirowa, na koma masa, ya ce ƙasata ce ba ta da kyau. Bakina da kansa ya ce ba komai. Na hau babur na kamo hanyar gida, ina gaida mutane da ƙarfi, har na iso kan gadar kanal. Nan na ji fuskata a washe, na gane murmushin. Na tsaya, na zauna a kan gadar, na rubuta abin da ya faru tun daga fitowata. Da na karanta, sai na juya babur.

Na shiga shagon. Na ce, "Alhaji, ɗazu na ce ba komai. To akwai komai. Irinka ba shi da kyau, kuma ka sani." Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Mutumin ya saki baki yana kallona, ya ce, "Au, ashe kana magana?" Bai ba ni haƙuri ba, mun ɗan yi sa-in-sa, na fito. Amma na isa gida da hannu biyu babu kaya, na tarar da Yaya a tsakar gida yana gyaran fartanya, na zauna kusa da shi na ba shi labari, muka yi ta dariya.

Abin da na koya shi ne, zuciya lauyan mai ita ce, kullum ita ke da gaskiya in a ciki aka bar shari'ar. Sai ka zauna ka rubuta wuninka tun daga farkonsa, ba tare da tsallake inda ka ji kunya ba, sannan za ka ga hanyar da kake bi kullum kana cewa ƙaddara ce. Wanda ya ɓata maka rai, faɗa masa a inda ya ɓata maka, ko da muryarka na rawa. In kuwa ka haɗiye ka yi murmushi, to ka sani ba ɓacewa ya yi ba, gida za ka kai shi, kuma wanda zai karɓa shi ne wanda ya fi kowa sonka.